Dutsen Lasa

Ni mai gyaran agogo ne a bakin Kurmi.
Shekara talatin ina auna abin da ido ke kasa gani,
amma bara, a lungunmu na Mandawari,
na kasa auna cikin ragona.

Balami ne, fari sol, wuya kamar turmi.
Da kuɗin adashi na ja shi daga 'Yan Awaki,
na rantse kafin layya sai ya cika soro.

Dusa nake zuba masa, ba mudu, ba lissafi,
sauran tuwo, ƙanzon shinkafa,
har burodin da ya yi fumfuna a kwandon Tabawa,
wai kada a yi asara.
Ran nan wani mai tebur ya miƙo min dutsen lasa,
ja, mai arha, hoton saniya a jikin kwalin.
Na ce ai gishiri gishiri ne,
harshe ba ya karatu.

Wata uku yana lasa, ina washe baki.

Ashe hanta ba ta ƙorafi.
Tarawa take yi a boye, kamar littafin mai kanti,
sai ranar biya ta zo a buɗe shafi.

Ranar Laraba ya ƙi tashi.
Na ɗaga fatar idonsa: rawaya, kamar an shafa gangamau.
Fitsarin ya fito launin zoɓo.
Kafin Sallau ya dawo da mai adaidaita
igiya ce kawai ta rage da ɗumi a hannuna.

Likita Balaraba ta juya kwalin sau biyu.
Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi.
"Baba, akwai tagulla a dutsen shanu.
Saniya ta lasa ta wuce abinta,
tunkiya kuwa ajiyewa take."

Tagulla!
Ni da nake goge ta kullum a ƙarƙashin gilashi,
ban san tana kisa ba.

Bana tunkiya ce, da 'ya'yanta biyu.
Ban raɗa musu suna ba tukuna; na koyi jinkiri.

Da asuba harawa ce farko, ta shimfiɗa ciki.
Sannan dusa, gwangwanin madara ɗaya, a shafe baki,
ko ta yi kuka har maƙwabta su leƙo.
In zan kawo kowa ko angurya
ba na juye mata buhu rana guda,
tafin hannu yau, tafi biyu jibi,
sai ciki ya saba da baƙo.
Abin da na shinshina na kau da kai,
ba zai shiga akurkinta ba.

Bahon ruwa ni ke wanke shi, ba na aike.
Kanwa 'yar kaɗan, abin da yatsa uku suka ɗauka.
Sabon dutsen, mai hoton tunkiya,
na sa Sallau ya karanta min bayansa layi-layi,
sannan na rataye shi inda ruwan sama bai kaiwa.

Leda kuma, wannan ciyawar birni
da ba ta jiran damina,
yaran gida sun san dokar:
duk baƙar da iska ta jefo ta katanga
a tsince ta kafin a ci abinci.

Tabawa na min dariya,
wai na mai da turke shagon agogo.
Ban musa ba.

Cikin dare, in an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit,
nakan fito da buta, in tsaya jikin ginin.
Tana kwance, tana tuƙa,
ƙas, ƙas, ƙas,
ba sauri, ba lattin daƙiƙa.
In daɗe ina saurare,
kamar yadda nake kara agogo a kunne
kafin in ce wa mai shi: ɗauki, ya tashi.